WA KE DA LAIFI IDAN AN YI KARO A MAHAƊA?

Jawabin da Sakataren ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata a Kafanchan, a kan haɗarin mota da haƙƙin inshora

 



Kwamiti ya umurce ni in yi bayani a kan wata matsala da ta yawaita zuwa teburina, wato maganar wanda ke da laifi idan mota ta fito daga ƙaramar hanya za ta hau babban titi aka yi karo, da kuma wanda ya kamata ya biya. Ni ba lauya ba ne, kun sani. Abin da zan faɗa na tattara shi ne daga zirga-zirgar raka 'yan'uwa ofishin 'yan sanda da asibiti da kotu, da kuma karanta dokokin hanya. Duk inda na yi kuskure, masana da ke cikinmu su gyara mini.

Zan fara da labarin wani ɗan'uwanmu mai sayen citta, ya ba ni izini in faɗa, amma ba zan ambaci sunansa ba. Ya yi lodi a wani ƙauye da ke gefen hanyar Kwoi, ya taso da a-kori-kurarsa gab da magariba. Da ya iso bakin titi ya dubi hagu, ya ga ba kowa, sai ya karya dama ya hau. Ashe daga dama wata bas ta fito tana ƙoƙarin wuce tirela, ta shigo hannunsa, suka yi gaba da gaba. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma fasinja biyu sun karye. Kafin ya dawo hayyacinsa jama'a sun taru, an ture motocin gefe, kowa na cewa ai wanda ya fito daga ƙaramar hanya shi ne mai laifi. Aka rubuta takarda da Turanci cewa ya amsa laifi kuma zai biya gyaran bas da kuɗin magani gaba ɗaya, aka miƙa masa biro, ya sa hannu. Ya gaya mini cewa a lokacin ba kuɗi yake tunani ba, so yake ya bar wurin da ransa. Da gari ya waye muka ɗauko takardar inshorarsa domin mu nemi kamfanin, sai muka tarar babu wannan kamfani a duniya. Wani ɗan kamasho ne ya haɗa masa ita tare da sauran takardun mota.

Zan dawo kan yadda aka ƙare. Amma ku lura, abu huɗu ne suka haɗu a kansa: bai san dokar mahaɗa sosai ba, an share shaida kafin a duba, ya sa hannu a abin da bai karanta ba, sa'an nan inshorarsa ta bogi ce.

To, me doka ta ce? Asali dai wanda ke kan babban titi shi ke da hanya. Duk wanda zai shigo, ko daga hanyar ƙauye ne, ko daga gidan mai, ko daga tasha, ko kuwa ya yi fakin ne a gefen titi zai tashi, wajibi ne ya dakata har sai ya tabbata shigarsa ba za ta tilasta wa wani ya taka burki ko ya kauce ba. Kunna sigina ba ya ba ka hanya, sanarwa ce kawai ta abin da kake nufin yi. Danna hon ba ya ba ka hanya. Hannun da yaron mota yake fiddowa ta taga yana cewa "shiga, shiga", shi ma ba hujja ba ne, domin ba shi ke riƙe da sitiyari ba. Girman mota ma haka: tirela ba ta fi ɗan acaba haƙƙi ba idan shi ne a kan titi. A shataletale kuwa, wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya, kuma daga hagunka zai fito, tunda Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu, 1972.

Wani abin da direbobinmu ke rainawa shi ne saurin motar da suke hangowa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan a-kori-kura mai lodin citta tana buƙatar daƙiƙa biyar kafin ta daidaita a kan titi, to a cikin wannan lokaci waccan motar ta ci mita 140, wato fiye da tsawon filin ƙwallo. Wanda ya san hanyar da ta bi ta Jagindi da Godogodo zuwa Gidan Waya ya san irin gudun da motocin Abuja zuwa Jos suke yi a wurin. Ka hango ta kamar tana nesa, kafin ka sa giya ta biyu tana kanka.

Duk da haka, maganar da ake yi a tasha cewa mai fitowa daga ƙaramar hanya shi ke da laifi a kowane hali, ba daidai ba ce. Nan nake so 'yan'uwa su buɗe kunne. Shi ma na kan babban titi akwai abin da doka ta ɗora masa. Littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda muke kira Rod Sefti, ya sa iyakar gudu: kilomita 50 a cikin gari, 80 a kan babbar hanya ga ƙananan motoci da bas, tirela da tanka kuwa 45 a gari, 50 a babbar hanya. Littafin ya kuma hana wuce mota a mahaɗa, ko a kwana, ko a kan tudu inda ba a ganin gaba. Saboda haka idan na kan titi yana gudun da ya wuce ƙa'ida, ko ya bar hannunsa ya shiga na wani, ko yana tafiya da dare ba fitila, ko burkinsa ba ya ci, ko ya sha wani abu, to yana da nasa kason. Haka kuma idan ka riga ka hau titi, ka daidaita, ka yi tafiya mai ɗan nisa, sa'an nan wani ya zo ya buge ka ta baya, galibi shi za a tambaya me ya hana shi barin tazara.

Kotu tana da ikon raba laifi. Tana iya cewa wannan yana da kashi 70 cikin ɗari, wancan yana da 30, kowa ya ɗauki asara gwargwadon sakacinsa. Ɗan'uwanmu mai citta yana da laifi, domin hagu kawai ya duba, alhali doka ta ce a duba ko'ina. Na gaya masa haka a gaban mutane, bai ji daɗi ba, amma gaskiya ce. Sai dai direban bas ma ya wuce mota a bakin mahaɗa, ya shiga hannun da ba nasa ba. Bai kamata mutum ɗaya ya ɗauki kayan mutum biyu ba.

Yaya ake gane wannan? Da shaida. Mota ba ta magana, amma inda ta lotsa yana ba da labari. Idan gaban mai shigowa ne ya daki gefen na kan titi, alama ce ya faɗa masa. Idan bayan mai shigowa aka daka daidai tsakiya, alama ce ya riga ya daidaita. Inda gilas ya zube da inda ƙasar ƙarƙashin mota ta kakkaɓe suna nuna ainihin wurin da aka haɗu, wato a hannun wa. Tsawon sawun taya yana nuna gudu. Shi ya sa ture motoci kafin a ɗauki hoto yake kashe maganar mai gaskiya. Yau kusan kowane gida akwai wayar da ke ɗaukar hoto. Bayan an ceci waɗanda suka ji rauni, domin rai shi ne gaba da kome, a ɗauki hoton motocin yadda suka tsaya, daga nesa yadda mahaɗar za ta fito, da kuma daga kusa, da lambar kowace mota, da sawun taya. A rubuta sunan mutum biyu ko uku da suka ga abin da idonsu. Lambar gaggawa ta Rod Sefti ita ce 122. Kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, saboda haka kada a tsaya jiran takarda mutum yana zubar da jini.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci: Sakatare, kana maganar hoto, alhali mutum yana tsoron a rufe shi da duka. Wannan tsoro ba na raina shi ba. Duk wanda ya ga 1987 da 1999 da 2011 a garin nan ya san yadda ƙaramar magana take zama babba, kuma haɗarin mota yana cikin abubuwan da ake saurin sa wa rigar ƙabila ko addini. Idan ka ga wurin ba lafiya, kada ka tsaya gardama. Ka tafi kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ko na Rod Sefti, ka kai rahoton kanka, ka ce ga abin da ya faru, ga dalilin da ya sa na bar wurin. Kada ka wuce gida ka ɓuya, kada kuma ka bari awa 24 ta wuce. Wanda ya kai kansa daban yake da wanda aka kamo. Ku kuma matasanmu, idan motar wani ce ta buge namu, haka nan muke so ku yi masa: a kare direban, a kai shi hukuma. Abin da ba ma so a yi mana, kada mu fara shi.

A ofishin 'yan sanda, sashen kula da motoci da ake kira MTD shi ke zuwa ya auna wurin, ya zana taswira, direbobin biyu su sa hannu. Ana kuma kiran jami'in duba mota, wanda muka saba ce wa VIO, ya duba burki da taya da fitila. Ka dubi taswirar nan da kyau kafin ka sa hannu. Idan an zana motarka a inda ba nan take ba, ka faɗa cikin ladabi. Haka jawabin da aka rubuta da sunanka: kana da haƙƙin a karanta maka shi da harshen da kake ji. Ni da kuke gani sai da na yi aure na haifi 'ya'ya kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma abin da ya kai ni shi ne wata takarda da na dangwala wa hannu ban san me ke ciki ba. Saboda haka ba gori nake wa kowa ba. Cewa "a karanta mini" ba abin kunya ba ne.

Ku sani kuma rahoton 'yan sanda ba hukunci ba ne. Shaida ce mai ƙarfi, kamfanin inshora zai nema, amma kotu ce kaɗai ke yanke magana ta ƙarshe. Tuhumar tuƙin ganganci daban, neman diyyar ɓarna daban. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare ɗa ko mata ko ƙane don direba bai zo ba. Beli kuma kyauta ne.

Yanzu sai inshora. Tun 1945 aka yi dokar da ta tilasta wa mai mota ya yi inshorar mutum na uku, wadda ake kira tad-fati a tasha. An yi dokar inshora ta 2003, sa'an nan a 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka da ta haɗe tsofaffin wuri guda, kuma tilascin yana nan. Mutum na farko kai ne, na biyu kamfani, na uku shi ne wanda motarka ta yi wa ɓarna. Ma'ana, wannan inshora ba ta gyara maka motarka. Aikinta ta biya wanda ka cuta a madadinka. Mai son a gyara tasa ko da shi ke da laifi sai ya yi inshorar gaba ɗaya, wadda ta fi tsada nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa gane mai laifi yake da muhimmanci: kamfanin mai laifi shi ke biya.

Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Ta sa wa Keke Napep Naira 5,000, iyakar biya miliyan biyu. Babur Naira 3,000, iyakar biya miliyan ɗaya. Manyan motocin ɗaukar kaya Naira 100,000, iyakar biya miliyan biyar. Wannan iyaka ta dukiya ce, rauni da rasa rai lissafinsu daban ne. Daga 1 ga Fabrairu, 2025 kuma 'yan sanda suka ƙaddamar da tsananta binciken wannan takarda a duk ƙasa. Idan wani ya ce zai yi maka ta mota a kan Naira dubu uku, to takardar nuna wa ɗan sanda ya sayar maka, ba inshora ba. Kana iya bincika taka a waya: ka danna *565*11# ka bi umurnin, ka sa lambar motarka. Idan sunan kamfani bai fito ba, ka koma wurin wanda ya yi maka.

Ko da takardarka ta gaskiya ce, akwai abubuwan da ke sa kamfani ya ƙi biya ko ya ja magana. Idan wa'adinta ya ƙare ko da kwana ɗaya ne. Idan wanda ke tuƙi ba shi da lasin, kuma nan ina magana da iyayen da ke ba yara makulli. Idan an yi inshorar a matsayin motar gida, alhali kabu-kabu ake yi da ita tsakanin Kafanchan da Zonkwa. Sai kuma babba, wanda ya fi kama mutanenmu: amsa laifi da yin alkawarin biya ba tare da sanin kamfani ba. Sharaɗi ne a cikin takardun inshora cewa kada ka yi haka, ka sanar da su da wuri, su turo nasu mai duba ɓarna. Mu kuwa tarbiyyarmu ita ce da an yi karo a ce "yi haƙuri, laifina ne". Jajantawa da kai majinyaci asibiti da zuwa dubiya duk wajibi ne na mutunci, ba wanda ya hana. Amma rubuta "na amsa laifi" ka bar shi sai an duba.

Idan kai aka yi wa ɓarna, ka karɓi sunan kamfanin inshorar wancan da lambar takardarsa tun a ofishin 'yan sanda. Ka rubuta wa kamfanin, ka haɗa da rahoton 'yan sanda, da hotuna, da ƙiyasin bakanike da mai gyaran jiki a rubuce, da rasit na asibiti da na magani, ko na Naira ɗari biyu ne. Kada ka gyara motar kafin su gani. Ka riƙe kofi na kowace takarda. Idan sun yi shiru ko suna ja maka rai, NAICOM tana da sashen karɓar koke. Idan direban yaron wani ne kuma yana bakin aikin maigidansa, ana iya bin mai motar. Idan motar gwamnatin tarayya ce, a gaggauta ganin lauya, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kawai ta bayar a shigar da ƙara. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kaduna, kuma neman diyyar haɗari yana cikin aikinta. A duk waɗannan wurare ba inda doka ta ce sai ka nuna takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalinsa. Ko kakanka ya zo ne da aikin jirgin ƙasa, ko an haife shi a tsohuwar Jama'a, a gaban dokar hanya kai direba ne kamar kowa.

Wasu dattawa sun tambaye ni ko inshora ta halatta. Wannan fagen malamai ne, ga su nan zaune. Abin da zan iya cewa shi ne, tun 2013 NAICOM ta fito da ƙa'idojin takaful, wato inshorar da aka gina a kan taimakekeniya bisa tsarin Musulunci, kuma akwai kamfanonin da ke yin ta mota. Malamai sun kuma karantar da mu cewa kisan kuskure yana da diyya, kuma dangi ne ke haɗuwa su ɗauke wa mutum nauyinta. Ina roƙon mu yi hattara da saurin cewa "mun yafe" a madadin wasu. Ƙaddara gaskiya ce, yafiya kuma alheri ce, amma wanda ke da haƙƙi shi ke yafewa. Na ga inda 'yan'uwan mamaci suka yafe a bakin makabarta, aka yaba musu, aka bar matarsa da yara biyar ba wanda ya tambaye ta.

Sulhu ba laifi ba ne, kuma yawancin maganganun nan da sulhu suke ƙarewa. Da shi maganar mai citta ta ƙare. Mun je wurin mai garin ƙauyen tare da shugabannin direbobi na tashar da bas ɗin take lodi. Wata mata mai sayar da doya a bakin mahaɗar, 'yar garin ce, ba Bahaushiya ba, ba kuma Musulma ba, ita ta tashi ta ce a gaban idonta bas ta fito wuce tirela. Direban bas bai musa ba. Aka yaga takardar farko, aka raba kuɗin magani biyu, kowa ya gyara motarsa, aka rubuta da Hausa da Turanci, shaidu suka sa hannu, aka kai kofi ofishin 'yan sanda. Duk da haka sai da ɗan'uwanmu ya sayar da rabin cittar da ya ajiye, kuɗin da kamfani ne zai biya da takardarsa ta gaskiya ce.

Kwamiti ya amince cewa ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar, duk mai mota ko Keke Napep ko babur ya zo ofis da takardunsa, matasa biyu za su zauna su bincika wa kowa inshorarsa a waya, ba a biyan ko kwabo. Iyayenmu mata da suka sayi babur ko keke suka ba yara haya, ku ma ku aiko da naku, domin sunanku ne a kan takardar. Mai tambaya ya ɗaga hannu bayan Shugaba ya yi nasa bayanin.